Hotunan da ke Wayar Mai Kitso

Shekara ashirin Mai Kitso ta yi a kan 'yar kujerar nan, kibiya a hannu, kan mace a tsakanin gwiwoyinta. Mata na cire ɗankwali a ɗakinta su saki baki, don sun san maganarsu ba ta ƙetare labule. Da ta sayi waya sai ta riƙa ɗaukar hoton duk kitson da ya yi kyau, kada salon ya ɓace mata.

"Ba mai gani sai ni," haka take ce wa kowace.

Ba ta iya karatu ba, shi ya sa ƙanin mijinta, direban babbar mota, ya saita mata wayar da imel ɗinsa. Ran nan da hantsi ya leƙo gaisuwa yana dariya.

"Matar yaya, ashe matar likita sanƙo gare ta?"

Kibiyar ta suɓuce mata. Wata shida ke nan matar likita na fama da ciwo, gashinta na zuba, ko ƙawayenta ba su sani ba. Mai Kitso ce ke rufe mata wurin da dabara.

"A ina ka gani?"

"Duk hoton da kika ɗauka sai ya faɗo wayata. Ai wayarki da tawa ɗaki ɗaya suke kwana."

"Wa ka nuna wa?"

"Ba kowa. To, abokan aiki dai kan ari wayar su kalli ƙwallo."

Ta zaunar da shi, ta tsaya a kansa, yana goge hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ke nan, sun tafi?"

"Daga nan dai sun tafi. An ce akwai wasu manyan na'urori a wata ƙasa da ke ajiye komai. Can kam ban san ƙofarsu ba."

Kwana uku suka wuce. Da matar likita ta zo, ta kai hannu za ta kwance ɗankwali, Mai Kitso ta riƙe ta.

"Tsaya, 'yar'uwa. Na yi miki laifi."

Ta faɗa mata komai. Matar ta dube ta, hannunta a kan ƙullin.

"Ina wayar?"

Mai Kitso ta nuna.

"Fitar da ita waje."

Sai da ta kai wayar tsakar gida, ta kifa roba a kanta, ta dawo ta saki labule, sannan matar ta kwance ɗankwalin a hankali.