Ranar da Na Cinye Gonar Baba Sale da Kwamfuta

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya daga Kano, ni da direban ƙungiyarmu da wata abokiyar aiki, kwamfutata a kan cinya kamar jaririn da aka hana kowa ɗauka. Ƙungiyar manoman da nake rubuta wa manhaja za ta raba irin shinkafa mai jure ambaliya a fadamar Haɗejiya ranar Litinin, kuma ni na fitar da jerin sunayen. Wani dattijo, Baba Sale, ya buga waya sau bakwai yana cewa babu sunansa, ga damina ta ƙarato. Na ce kwamfuta ba ta mantuwa. Shugabanmu ya ce to in je in faɗa masa haka da bakina.

Hanyar Gaya zuwa Jahun ba laifi, sai ramuka nan da can da direba ya haddace, yana kauce musu yana ba mu tarihin tayar da kowanne ya taɓa fasa masa. A Kafin Hausa muka karya da ƙosai da koko. Na tambayi kuɗin kankana, da aka faɗa sai da na sake tambaya, don na zaci rabi ake nufi. Tun daga nan na fara jin haushin mai kankanar unguwarmu.

Haɗejiya kuwa ƙamshin bandar kifi ne ya fara yi mana maraba. Ba mu zauna ba, muka miƙe wajen Baturiya, har mota ta kai inda ba ta da ta cewa. Sauran tafiyar a kwalekwale aka yi ta, ana kutsawa cikin kacala, ciyawar nan doguwa da ta toshe hanyoyin ruwa. Ni da na yi ta cika baki a ofis, sai ga ni rungume da kwamfuta ina karanto duk addu'ar da na sani. Abokiyar aikina ta ɗauki hotona, har yau tana yi mini barazana da shi.

Mun sami Baba Sale a gindin tsamiya, kan tabarma ɗaya da wani masunci da wani Bafulatani makiyayi. Bayan gaisuwa na gyara murya na ce, "Baba, filin da ke bayan tsamiyar nan, na waye?"

Su ukun suka ce, "Nawa ne."

Na jira rigima ta tashi, ba ta tashi ba. Baba Sale ya yi mini bayani a hankali, irin na wanda ya gane baƙonsa ba ya ja sosai. Da damina shi ke shuka shinkafa. In kogi ya cika ya malale filin, masunci ke kafa tarunsa a ciki. In an girbe ruwa ya janye, makiyayi ya shigo da shanu su ci ragowa su bar taki. Haka iyayensu suka yi, ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki sai ni.

Nan take na buɗe kwamfuta. Ma'aikacinmu da ya zagaya ƙauyuka ya yi aikinsa daidai: a ƙarƙashin lambar filin ya jera sunaye uku. Ma'ajiyar bayanan da muke amfani da ita an yi ta ne don haka, lamba ɗaya tana riƙe sunaye da yawa. Ni ne, don son tsari, na juya kwafinta zuwa mai suna ɗaya tak ga kowace lamba. Wurin juyawar manhaja ta riƙe sunan da aka shigar a ƙarshe, ta watsar da sauran ba ko sallama. Na ƙarshen kuwa masunci ne. Sannan na tace jerin na ce manoma kawai nake so, sai filin ya ɓace ɗungurungum. Da na duba, ba na Baba Sale kaɗai ba ne. Kunya ta kama ni sosai.

Na faɗa musu gaskiya. Masunci ya ce shi ba shi da ƙorafi, tunda na'ura ta mallaka masa fili. Baba Sale ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun ina saurayi ruwa ke cinye mini gonar nan, amma yana dawo da ita. Kai ne na farko da ya cinye ta bai dawo da ita ba."

Gyaran bai kai tsawon dariyar da suka yi ba. Na bar ma'ajiyar ta asali yadda take, na sa tacewar ta riƙa duba sunaye ɗaya bayan ɗaya a cikin kowane fili, ta zaɓo manomin ba tare da ta taɓa sauran ba. Sunan Baba ya fito. Na karanta masa, ya ce in maimaita. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci kamar ba ni na yi laifin ba.

Mun shigo Kano da magariba, motar tana ƙamshin banda, kankana huɗu suna birgima a baya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kafin in rage wani abu don ya yi mini kyan gani, in fara tambayar wanda ya jera shi dalilinsa.

Ranar Litinin da hantsi wayar Baba Sale ta shigo, karo na takwas. Sai da na yi bismilla na ɗauka. Ya ce iri yana hannunsa, ya sa mini albarka. Har zan kashe ya ce, "Tsaya, ɗana. Kada ka ce za ka rama mini ka goge masunci. In ruwa ya zo, filin nasa ne."