Lilon Ƙaramar Sallah

Na daɗe ina ganin cewa jira shi ne rabin daɗin wurin wasa. A Kaduna na koyi haka. Gidanmu yana can bayan gari, saboda haka sau ɗaya a shekara, washegarin ƙaramar Sallah, mahaifinmu yake kai mu filin da ake hawa lilo mai juyawa. Tun farkon azumi nake mafarkinsa. Har na girma wannan son bai sake ni ba.

Da aiki ya kawo ni jihar Maryland ta Amurka, sai muka sami gida kusa da wani katafaren wurin wasa. Lokacin zafi, idan muka buɗe taga, muna jiyo ihun mutane daga jirgin nan da ke hawa kan dogo har ƙololuwa ya sulmiyo. ’Yata ɗaya ce, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata. Takan tsaya a tagar ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci, “Baba, ga shi fa a bayan gida. Sai mun jira an ga wata?”

“Haƙuri, Uwata. Abin da ake samu kullum ba ya daɗi.”

“Kai dai tsoro kake ji.”

Muka yi dariya, amma ban sauya ba. Duk ƙaramar Sallah muna zuwa, ni da ita. Babban jirgin ne kawai ba mu hau ba, domin akwai sandar awo a ƙofarsa, kanta kuwa bai kai ba. Muka yi alkawari, shekarar da ta kai, tare za mu zauna a kujerar gaba.

Abin da ban sa a lissafi ba, duk da karatuna, shi ne Sallah tana matsowa baya kowace shekara zuwa lokacin sanyi, wurin kuma ba ya buɗewa sai sanyi ya wuce. Shekarar da tsayinta ya kai, muka tarar da ƙofa a kulle. Babbar Sallah kuwa a gonar da muke zuwa yanka ragon layya take ƙare mana. Ta roƙe ni mu je wata Asabar, na ce mu bari lokacinsa ya zo. Har yau ban san me nake karewa ba, al’ada ko yarintata.

Daga baya ta hau da ƙawayenta, a bakin mahaifiyarta na ji. An rufe wurin gaba ɗaya yanzu. Ita kuma tana jami’a a wata jiha, can ta yi Sallar bana.