Neman Gida Saboda Baba, Daga Makarfi Zuwa Kudan

Ana kiran assalatu na bar Kaduna. An mayar da ni aiki ƙasar Makarfi, kuma ba zan tafi in bar mahaifina ba. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bai ƙara sallah cikin jam'i ba, sai dai ya jiyo liman a lasifika ya yi tagumi. Sharaɗinsa ɗaya ne, in samo gidan da zai iya jan ƙafa ya isa masallaci.

Makarfi

Daga Zariya na shiga bas, muka karya ta Tashar Yari. Kai, rake! Hagu rake, dama rake, har iyakar ganin ido, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi. Ni ɗan birni sai na saki baki. Dillali ya kai ni gida na siminti fes, amma masallacin yana ƙetaren kwalta.

"Alhaji, ai taku kaɗan ne," in ji shi.

"Takunka ko na Baba?" Na sayi rake na yi gaba.

Ikara

Azahar ta yi mini a Ikara. Gidan da aka nuna mini yana jikin masallaci, har na fara hamdala, ashe an ɗaga gidan saboda ruwan damina, matakala ce reras a ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwana gidan wani abokin aiki, aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, na ci dai don kunya. Shi ya ce in gwada ƙauyensu bayan Kudan, wurin kawunsa mai unguwa, Malam Garba.

Kudan

Da hantsi ɗan acaɓa ya ratsa da ni gonaki, ina riƙe da hula ina salati. Malam Garba ya gaishe ni, gida, iyali, gajiya, damina, sai da na ƙosa. Sannan ya nuna mini gidan ƙasa mai zaure da rijiya da mangwaro a tsakar gida. Na so gidan nan wallahi, amma masallaci yana can ƙarshen gari. Na gaya masa halin Baba, na fara sallama.

"Tsohon yana iya fitowa ƙofar gida?"

"Da sanda, yana iyawa, ranka ya daɗe."

"To, zauna."

Ya aika aka kira maƙwabta. Kafin in sha furar da aka kawo mini, wannan ya zo da fartanya, wancan da baro cike da yashi. Suka share filin gaban zauren, wani dattijo ya daidaita alƙibla, aka jera duwatsu aka kewaye. Na tsaya kamar gunki.

"Haka muke yi wa tsofaffinmu," in ji Malam Garba. "In ƙafa ta gaza, sahu ke biyo mutum. Mu na wannan layin, nan za mu riƙa yi."

Mutanen da ba su taɓa ganin Baba ba! A kan yashin nan muka yi la'asar, hawaye na zubo mini.

Gida

Na iso Kaduna bayan isha'i, na gode wa Allah, na gode wa mutanen Kudan. Na durƙusa na kwashe labari na gaya wa Baba. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Sahu nawa ne?"

"Ɗaya ne, Baba."

"Ya ishe ni. Gobe a wanke mini babbar rigata."