Ledar Jinin da Babu a Firij

Takalmanta na fara gani. Anti ta zare su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta sunkuya ba, ta tura su can ƙarƙashin tebur, ta dasa ƙafafunta a kan tayil. Babu wanda ya lura, don duk hankalin ofis yana kan Oga da ke tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne yana ta cewa "to, to, yanzu-yanzu." Ni da nake zaune a gefenta na riga na san ba ta cire takalmi sai abu ya yi tsanani.

Kamfaninmu ƙarami ne, ɗaki guda da ɗan lungun Oga, a saman wani shagon tayoyi. Babban aikinmu shi ne kula da manhajar wata cibiyar ajiyar jini mai rassa da yawa a cikin gari da kewaye. Idan asibiti na neman jini, ma'aikaciyar cibiyar za ta buɗe shafinmu, ta zaɓi rukunin, shafin ya nuna mata reshen da ke da shi, sai ta tura mai babur ya ɗauko.

Oga ya ajiye wayar a kan teburin Anti, ya danna lasifika. Muryar ma'aikaciyar cibiyar ta fito. Wani magini ne ya faɗo daga saman gini, jini na zuba ta ciki, rukuninsa kuma irin wanda ba a cika samu ba ne. Shafinmu ya ce akwai a reshen bayan tashar mota, mai babur ya je ya tarar babu. Shafin ya nuna wani reshen, ya je, nan ma babu. Yanzu yana tsaye a bakin titi yana jiran a faɗa masa inda zai nufa, likita kuma ya ce ba zai iya jira da yawa ba.

"Ina kiran rassan ɗaya bayan ɗaya," in ji ta, "amma rabinsu ba sa ɗauka. Don Allah ku faɗa min gaskiya, ina jinin yake?"

"Kar ki kashe wayar, 'yar'uwa," Anti ta ce. "Ki bar mu a kan layi."

Anti ta haura arba'in. Malamar lissafi ce a wata sakandare kafin ta koya wa kanta wannan aikin a tsohuwar kwamfutar makarantar, bayan an tashi ɗalibai. Mijinta mai gyaran keken ɗinki ne, 'ya'yansu uku. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta dubi mutum ta saman tabarau sai ya ji kamar bai yi aikin gida ba. Kowa Anti yake ce mata, har Oga da ya girme ta. Ita ce mai riƙe da rumbun bayanai, wato inda ake ajiye labarin kowace ledar jini: rukuninta, reshen da take, da ranar da za ta lalace.

Dogo ya garzayo da kujerarsa mai taya har ya bugi tebur. Shi ne mai hannu da sauri a cikinmu, mai baki da sauri kuma.

"Anti, wallahi a kwamfutata yana aiki lafiya lau. Duba."

"To ɗauki kwamfutar taka ka kai asibiti a ɗaura wa mutumin."

Babu wanda ya yi dariya, har shi. Ya ce wataƙila shafin tsohuwar amsa yake riƙe da ita, bari ya share ya sake lodawa. Ya share. Shafin ya dawo da rassan nan biyu da mai babur ya riga ya zagaya, ya ƙara da na uku.

"Ga wani!" in ji Oga. "A tura shi can."

"Shafin da ya yi ƙarya sau biyu za ka yarda da shi a na uku?" in ji Anti.

"To a mayar da manhajar yadda take a da mana!"

"Kafin tsohuwar ta gama hawa an yi abin da za a yi. Oga, ba shafi nake gyarawa yanzu ba. Hanya nake nema wa mai babur."

A aikinmu ba kasafai muke yi wa rumbu magana kai tsaye ba. Tsarin da muka gina manhajar a kansa yana da wani sashe da ke tsakani, wanda a ofis muke kira tafinta. Mu rubuta abin da muke so a sauƙaƙe, tafinta ya juya shi zuwa SQL, harshen da rumbu ke ji. Amma tafinta na da nawa. Kwanakin baya cibiyar ta yi ƙorafi shafin neman jini yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, sai Dogo ya tsallake tafinta ya rubuta tambayar da hannunsa, ɗanyen SQL. Shafin ya koma kamar walƙiya. Oga har lemo ya saya masa.

Anti ta buɗe tambayar Dogo a allonta, ta karanta, ta sake karantawa. Komai a wurinsa: rukunin jini, reshe, ban da wanda ya wuce wa'adi, ban da wanda aka riga aka ware wa wani. Na ga tana murza gefen mayafinta da yatsu.

"Ba abin da ya ɓata a nan," in ji Dogo. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba abin da muke gani dai."

Daga wayar muka ji ma'aikaciyar tana magana da wani a can gefe, sannan ta dawo. "Asibiti sun sake kira. Sun ce jininsa na ƙara sauka."

Anti ta juyo gare ni. "Ƙanwata, buɗe tsohon shafin a taki kwamfutar. Ki sa tafinta ya nuna miki ainihin abin da yake aika wa rumbu, ba abin da muka rubuta masa ba."

Wannan ɗabi'arta ce tun tana koyarwa a aji. In lissafi biyu suka ƙi haɗuwa, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya bi da yatsa. Takan ce ido na cike gurbin abin da babu, amma kunne ba ya yi wa kowa kara. Na kunna abin da ke nuna tambayoyin, na danna nema. Tsohon shafin ya yi ta juyawa. Oga yana kaiwa da komowa a bayanmu, daga ƙasa kuma ana ta buga ƙarfe a shagon tayoyi. Daga ƙarshe tambayar ta fito, doguwa mai muni.

Na fara karantawa.

"Ɗaga murya, ba sirri ba ne."

Na ɗaga. Ita kuma ta ɗora yatsa a kan allonta tana bin ta Dogo layi-layi. Rukuni, ta ce "akwai." Reshe, "akwai." Wa'adi, "akwai." Wanda aka ware, "akwai." Yatsanta ya kai ƙarshen tambayar Dogo ya tsaya. Ni kuwa saura layi guda a gabana.

"Sai kuma," na ce, "wanda gurbin ranar zubarwarsa babu komai a ciki."

Dogo ya dafe kai da hannu biyu.

Idan aka zubar da ledar jini, ko don gwaji ya nuna matsala ko don firij ya lalace, ba a goge ta daga rumbu. Ana sa mata ranar da aka zubar ne kawai, don tarihi. Tun farkon aikin aka koya wa tafinta ya riƙa ƙara wannan layin da kansa a duk tambayar da ta shafi jini, ya ɓoye waɗanda aka zubar. Ya daɗe yana yin haka a ɓoye har muka manta yana yi. Da Dogo ya tsallake shi, sai matattun ledoji suka tashi suka shiga lissafi. A rumbun gwajinmu kuwa, wanda muke gwada aiki da shi a kwamfutocinmu, babu ko leda ɗaya da aka zubar, don wa zai zauna ya ƙirƙiri ɓataccen jini? A rukunan da ke da yawa ba wanda ya gane, saboda duk reshen da aka je akwai na gaske a firij. Sai yau da aka nemi wanda ba shi da yawa.

Anti ba ta tsaya jimami ba. Ta kwafi tambayar Dogo, ta ƙara layin da hannunta, ta aika wa rumbu na gaske. Rassa ukun nan suka ɓace. Layi ɗaya tak ya rage: leda biyu a wani ƙaramin reshe can bayan masana'antar robobi, gefen gari da ya yi hannun riga da asibitin.

"Faɗa mata!" in ji Oga.

Anti ta sake bin layin da yatsa. Na san abin da take aunawa. In mai babur ya ratsa gari ya tarar babu, ba sauran lokacin zuwa wani wuri.

"'Yar'uwa, kina ji? Mai babur ya kama hanyar reshen bayan masana'antar robobi yanzu. Ke kuma ki kira su da ɗaya wayar, ki sa wani ya buɗe firij ya karanto min lambar da ke jikin ledar. Da idonsa, ba daga kwamfuta ba."

Muka ji tana dannawa. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake. Dogo ya miƙe ya je bakin taga ya dawo. Ni na ƙura wa lambar da ke kan allon Anti ido har ta fara yi min rawa. A kira na gaba wani mutum ya ɗauka da baki cike da abinci.

"Wane firij kuma? Ai kwamfuta za ki duba."

"Malam, don girman Allah tashi ka buɗe!"

Muka ji jan kujera, takun silifa, sai ƙarar ƙofar firij. Ya yi ta motsa abubuwa yana gunaguni. Sannan ya fara karanto lamba a hankali, ma'aikaciyar tana maimaitawa, yatsan Anti na bi. Ya kai ƙarshe. Ya karanto ta biyu.

"Su ne," in ji Anti. "Ya sa su a akwatin sanyi ya fito bakin titi ya jira."

Oga ya zube a kan kujerar da ke kusa. Amma babu wanda ya yi murna, don jinin bai isa ba tukuna. Anti ta gyara shafin, ta sa ni na ƙirƙiri ledojin da aka zubar a rumbun gwaji, muka gwada, sannan aka ɗora. Ta kuma sa Dogo ya zaƙulo duk wurin da aka taɓa rubuta ɗanyen SQL a manhajar. Yana yi idonsa jawur.

"Anti, ni na kashe shi in ya mutu."

"Wa ya duba aikin ya ce a ɗora?"

Kafin ya buɗe baki ta ba kanta amsa.

"Ni ce. Na karanta da ido ni kaɗai, don ina sauri. Share fuskarka, dogon banza, ka ci gaba da nema."

Rana ta karkata kafin wayar Oga ta sake ƙara. Ma'aikaciyar ce, muryarta ta dishe. An kai, an ɗaura wa maginin ledar farko tun yana kan gadon tiyata. Likita ya ce an kai maƙura, amma an fito da shi kuma yana numfashi da kansa. Abin da ta sani ke nan.

Oga ya ce kowa ya tafi gida. Anti ta ce saura tambayoyi biyu cikin waɗanda Dogo ya zaƙulo, ba za ta bar su su kwana ba. Muka karanta su kamar ɗazu, ni da baki ita da yatsa. Duk lafiya suke.

Da muka gama ta buɗe jakarta ta tarar ba ta taɓa abincin ranarta ba. Ta ci rabi a tsaye, ta miƙa wa Dogo sauran. Sannan ta karɓi robar abincin ta je bakin famfo ta wanke, ta goge da tsumma, ta mayar cikin jaka.