Ranar da Aka Matsar wa Malam Tafireta Maɓalli

Shekara goma sha ɗaya muna ofis ɗaya da Malam Tafireta, ni ina kula da fayil ɗin ɗalibai, shi yana buga takardun makarantar. Sunan ya samo shi tun zamanin injin buga rubutu, ya biyo shi har kan kwamfuta. Dogo ne, ba shi da yawan magana. In ya zo da safe sai ya goge teburinsa, ya yi bismilla, yatsu su kama aiki.

Manhajar da yake aiki da ita a kwali ta zo, faifai biyu da littafi mai kauri. Da hannunsa ya saka ta, kuma tun ranar ba ta sake kama ba. Abin da ke dama yana dama, abin da ke sama yana sama.

Wannan ne ya rufa masa asiri, don idonsa ya daɗe da lalacewa, ni kaɗai na sani. Dishi-dishi yake gani, amma hannunsa ya haddace mazaunin kowane maɓalli. In ya gama sai ya ce, "'Yata, duba min ko da kuskure." In duba, babu. Saura wata takwas ya yi ritaya, kuma abin da yake roƙon Allah ke nan, ya fita da mutuncinsa ba a gane ba.

Sai aka kawo mana sabon shugaba, mutumin da ba ya magana uku bai ce "zamani" ba. Sati biyu da zuwansa ya sa aka goge tsohuwar manhajar, aka koma wata ta intanet.

"Babu faifai, babu kwali," in ji shi yana washe baki. "Kullum masu ita suna sabunta ta daga can."

Wai yabo ne. Ni dai haushi ya ba ni. Wane irin kayan aiki ne za ka kwanta ka bar shi tsintsiya, ka tashi ka tarar ya zama ludayi?

Malam bai yi ƙorafi ba. Lokacin hutun rana nakan ɗora hannuna kan nasa in nuna masa: nan ake adanawa, ƙasa da shi kaɗan nan ake bugawa a takarda. Cikin sati uku ya haddace.

Wata Litinin shugaba ya ba shi takardar gargaɗi da za a miƙa wa wata malama a asirce. Malam ya rubuta tsaf, ya danna inda ya saba. Ashe a ƙarshen mako masu manhajar, ko a ina suke oho, sun yi gyaransu. Inda maɓallin bugawa yake, sun dasa na aika wa dukkan ma'aikata. Ko "ka tabbata?" bai tambaya ba.

Kafin minti biyar wayoyi sun ɗauki ƙara a ɗakin malamai. Muna jiyo kukan malamar daga inda muke.

Shugaba ya faɗo ofis, 'yan kallo na biye da shi. Ya dangwala yatsa a fuskar kwamfutar.

"Baba, me aka rubuta a nan? Karanta min."

Malam ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Na buɗe baki zan yi magana, Malam ya ɗaga min hannu.

"Ranka ya daɗe, ba na gani."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan."

Na ce, "Shekara huɗu, kuma ko kuskure ɗaya ba a taɓa kama shi da shi ba!"

Ko kallona shugaban bai yi ba. Ya juya wajen 'yan kallo ya ce, "Kun gani ko? Manhaja ba ta da laifi. Ita ce ma ta tona mana abin da aka ɓoye." Har da masu gyaɗa kai. Tir, raina bai taɓa ƙyamar mutane kamar ranar ba.

A ranar aka ce Malam ya je gida ya huta. Kafin ya fita ya ce in kai shi wurin malamar. Dattijo mai jikoki ya tsaya gabanta, kai a sunkuye, ya ce, "Ki yafe ni, 'yata, hannuna ne ya danna."

Ranar Laraba na kunna kwamfutarsa don in rufe masa shafinsa. Saƙo ya faɗo daga masu manhajar, da ɗan hoton fuska mai murmushi: sun ji koken jama'a, sun mayar da maɓallin bugawa inda yake da.