Wata bakwai ina ce wa likita da sauƙi

Salamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun bara, ga ni. Ban iya rubutu ba, ɗiyata Asabe ke rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yaran Dareta nake ɗauke da gwaiwa, na ƙi asibiti. Sai bara da ta murɗe ni a gona, aka kwashe ni daga Nasarawa Burkullu zuwa Gusau. Aka auna jini, aka ɗauki hoto, raguna biyu suka tafi a kuɗin asibiti, aka yi aiki.

Ɗinki ya warke, zafi ya ƙi tafiya. Kamar an aje garwashi a matsematsina. Ko wando ya gogi wurin sai na ciji leɓe. Na fara tsoron da shi za a binne ni.

Duk komawa, likita ta ce Baba ya jiki, in ce da sauƙi. Ta rubuta, ta sallame ni. Wata bakwai.

Ga dalili. Gidanmu ana ce mishi gidan raki. Wanzami ya taɓa tsaga wa Babana maruru, wuri ya warke, shi ko yana nishi har ya bar duniya. Ni ke riƙe da tarihin gida, kuma ni da bakina na sha ba jikoki labarin, ana dariya. Na rantse ba za a yi da ni ba.

Asabe ta tona ni. Ta gaya wa likita a zaune nake salla.

Likita ta aje biro. "Baba, ba gaishe ka nake ba, tambayarka nake. Abin da ka faɗa shi nake rubutawa."

Ta ce jijiya ce ta ƙi kwanciya, ta tambaya ko an taɓa irin wannan zafin a dangi. Na jero mata: Babana, ƙanwarsa Gwaggo Ige, ɗan wana da injin niƙa ya ci wa yatsa. Ta ce masana na binciken ko ana gadon wannan a jini kamar tsawo, amma ba su gama ba. Ta roƙi yawuna a 'yar kwalba don binciken. Na ƙi. Sati biyu ina tunanin Babana, sannan na koma na tofa, na dangwala yatsa a takardar yarda.

Aka yi mini allura a wurin, aka ba ni ƙwayar jijiya. Sannu a hankali. Yanzu goshina na kai ƙasa.

Na gode Allah, na gode wa likita, da Asabe mai tonon asiri.

In likita ya tambaye ku, ku bar "da sauƙi" a bakin ƙofa. In an taɓa yi a gidanku, ku faɗa tun kafin a sa wuƙa.

Gobe in na sallame asuba zan tara jikokin nan, in gaya musu Babana ba raki yake ba, ciwo ne. Daga nan in wuce maƙabarta in roƙa mishi gafara, ni ma in roƙi tawa.