Na'urar da Ta Kore Ni Daga Gidan Yaya

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Malam Ilu mai gyaran fanka a Takur ya san doka ɗaya: in ya miƙo maka lemo, duba jikinsa kafin ka yanka. Za ka tarar da shi huji-huji kamar rariya. Ruwa yake ɗura wa lemon da sirinji yana gwaje-gwajensa, kuma tsumulmularsa ba za ta bar shi ya yar ba. Sai ya goge shi da hannun riga ya ba baƙo. In ka yatsina fuska ya ce, "Sha mana! Ai ƙara masa ruwa na yi, ban rage ba." Har limaminmu sai da ya sha, ya ce shi dai bai taɓa jin lemo lami irin wannan ba.

Ni ne Nasiru, ƙanin matarsa Yaya Hajara. Tunda duk kun sani, bari in faɗa da bakina: na yi kishin mutumin nan, kishi na gaske, wanda har yanzu bai gama sakina ba.

Yaya ce ta raine ni bayan rasuwar Innarmu a Aujara. Da ciwon suga ya kama ta aka ce sai allura kullum da safe, aikin ya faɗo kaina, tunda ma'aikacin jinya ne ni. An ba ta irin allurar nan mai kama da biro, wadda mara lafiya ke yi wa kansa. To amma hannun Yaya rawa yake, babban yatsanta ba ya iya danna kan biron, kuma da ta ga tsinin allura sai ta runtse ido. Shekara shida kullum sai na biya ta gidan kafin in wuce asibiti. In yi mata, in zauna a tabarmarta mu taɓa hira, in ji tana gaya wa maƙwabta ta katanga, "Nasiruna, hannunsa kamar auduga." Wallahi da wannan maganar nake wuni.

Shi kuwa maigidan, da na zaro allura sai ya tuna yana da alwalar da bai yi ba. Na taɓa tambayarsa, ya aka yi yake soke lemo amma ba ya iya kallon ana yi wa mutum? Ya ce, "Lemo ba ya cewa wash."

Rannan sai ya tare ni a zaure. "Likita," haka yake kirana don tsokana, ya san sarai ban kai ba, "shirya, zan sallame ka daga aiki. Na'ura zan ƙera wa yayarka, ta riƙa yi wa kanta."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Malam, kai da fankar masallaci ta yi wata biyu a shagonka?"

"Saura kaɗan," in ji shi. Kun san wannan kalmar tasa. Fanka saura kaɗan, ginin bayan gida saura kaɗan, komai na duniya saura kaɗan.

Ta farko da ya haɗa, da injin tsohuwar bidiyo ya yi ta, wannan da ke turo faifai waje, ya jona mata batirin babur. Girmanta ya kai akwatin karatu. Ya kira ni in gani da idona, ina sanye da fararen kayan aiki, guga har tana ƙyalli. Ashe zoɓo ya zuba a sirinjin, wai don a ga tafiyar ruwan sosai. Ya danna. Kai jama'a! Tun daga wuyan riga har gwiwa na koma ja. Ina tsaye ina ɗiga, shi kuwa ya gyaɗa kai cike da gamsuwa ya ce, "Ka gani? Ƙarfi akwai shi. Saiti ne ya rage."

Yaya ta leƙo ta dubi akwatin ta ce, "Malam, in zan je suna Jahun, ita ma kujera za a kama mata a mota?" Na ji daɗi ƙwarai. Na ce shi ke nan, magana ta mutu.

Ina! Shekara biyu ya yi yana rage mata girma. Ya zo har gidana ya ari kilifar askina, bayan kwana uku ya dawo mini da kwanson, fayau, ba komai a ciki. Na ce ina injin? Ya ce, "Yana hidimar yayarka. Kai ka bar gemu, sunna ce." Wannan karon ta dawo kamar kwalbar lemo, sai dai ƙararta! Yaya ta ce atafau. "In na shiga ɗaki a gidan biki mata suka ji wannan, cewa za su yi aski nake." Ya koma. Daga ƙarshe a cikin wata firinta, injin buga takardu, da aka yar a bola ya samo wani ɗan mitsitsin inji mai tafiya a hankali, shiru. Na'urar ta zama kamar tocila. A zura biron a ciki, tsinin ya ɓuya ba a ganinsa, a ɗora a cinya, a danna maɓalli ɗaya da tafin hannu.

Da na riƙe ta na ga abin ya yi kyau, sai kishina ya motsa. Abin da na yi bayan nan, Allah ya yafe mini. Na kai ƙararsa wajen likitar da ke duba Yaya, wata 'yar Filato mai tsauri wadda ko mu ma'aikata shakkarta muke. Na ce mai gyaran fanka na shirin halaka mini 'yar'uwa. Ta ce a kawo shi, shi da tarkacensa. Ni na goyo shi a babur, ina ta murmushi a hanya.

Ta juya na'urar, ta buɗe, ta rufe. Ta ce, "Baba, wa ke auna yawan maganin?"

"Biron ne, ranki ya daɗe. Ni ban taɓa lissafinsa ba. Ni ɗan dako ne, dannawa kawai nake."

Ta sa ruwa ta gwada a ma'auni, ta sake, ta sake, har na gaji da tsayuwa. Kowane karo daidai. Ta gindaya sharuɗɗa: sabon tsini kullum, awon suga kullum, kuma na farko a gabanta za a yi. Sannan ta ce, "A ina ka karanta injiniya?"

"A gindin dalbejiya."

Ta yi dariya, abin da ban taɓa gani ba a shekaruna na aiki da ita. Ta waiwayo ta ce, "Nasiru, ka riƙa zama kusa da mijin yayarka, za ka ƙaru." A gaban ɗaliban jinya da ke ofishin ta faɗa! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne da ta ce, "Baba, kawo yatsa in auna naka sugan." Kafin ta buɗe ledar tsini, babban injiniya ya kai bakin get, takalminsa ɗaya a ofis.

Ranar da Yaya ta yi wa kanta, ta danna, ta jira, ta ce, "Har an yi?" Sai ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti. Sannan ta dube ni da fara'a ta ce, "To Nasiruna, ka huta. Gobe ba sai ka zo ba."

Da alheri ta faɗa, na sani. Amma maganar ta soke ni. Na yi fushi irin na yara, da furfurata. Wata biyar ban taka gidan ba, sai gaisuwa ta waya. In na wuce majalisa in ji ana ce wa Malam Ilu "Injiniya! Injiniya!" sai in ƙara wa babur wuta. Shekara shida ina sammako, ba wanda ya laƙaba mini ko da rabin suna.

Sai ga shi an kawo Malam Ilu ɗakinmu na asibiti ranga-ranga, ƙafafu a kumbure. Aka ce a sa masa ƙarin ruwa, kuma ni ne a bakin aiki. Ya ga allura a hannuna, ya rufe ido gam. "Likita, yau ka kama ni. Rama a hankali."

Da na gama ɗaure masa hannu sai ya riƙe mini riga. "Ka tuna ranar da ruwa ya tsare ka a Aujara? Yayarka ta kai azahar ba allura. Biron yana hannuna, tana kallona, na kasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da ya sa na ƙera na'urar ke nan, ba don in kore ka ba." Ya numfasa. "Kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarmar nan, ta zauna tana kallon zaure har rana ta ɗaga, sannan ta naɗe. Na duba duk tarkacen shagona, ban ga abin da zan ƙera mata na wannan ba. Ka koma, kai ma ka san hanya."

Washegari da sassafe na koma, hannuna ba komai. Yaya ba ta ce mini ina ka shiga ba. Matsa mini kawai ta yi a kan tabarmar. Kwana huɗu bayan nan Malam Ilu ya cika.

Ya Allah, ga bawanka Ilu ya zo maka. Ya tsorata da abu, amma bai bar matarsa da shi ba. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba Yaya haƙurin rashinsa. Ni kuma da na yi masa ƙyashi yana raye, ka yafe mini, ka haɗa mu a inda ba ciwo. Amin.